Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Rajistar Coci?

A cocin da na taso, nan kudancin kogin Kaduna, akwai wani kabad na ƙarfe mai ruwan toka a ofishin fasto. Mabuɗansa biyu ne kacal, ɗaya a aljihun Baba Fasto, ɗaya a hannun sakataren ikilisiya. A ciki ake ajiye rajistar baftisma da ta aure, da littafin zakka, da wani siririn littafi mai baƙin bango da ba mu san abin da ke cikinsa ba sai da muka girma: sunayen waɗanda aka sa a horo da laifin da ya jawo. Duk mai son leƙa littafin nan sai ya zo da ƙafarsa, ya sami mai mabuɗi, ya buɗa shafi a gabansa. In kuwa kwafa yake so, sai ya yini yana rubutu, kuma kafin ya kai rabi wani ya tambaye shi me yake yi.

Ba wanda ya zauna ya tsara wannan tsaro. Nauyin ƙarfe da wahalar rubutun hannu ne suka yi mana gadi shekara da shekaru. Ranar da muka kwashe abin da ke cikin kabad ɗin muka zuba a manhaja, mun sallami maigadin ba mu sani ba.

Ni na yi wannan kwasar, saboda haka ba labarin wani nake ba ku ba. Da aka zaɓe ni mataimakin sakatare, dattawa suka ce tunda aikin kwamfuta nake yi, in raba su da wahalar takarda. Na samo manhajar kula da harkokin coci, muka yi wata uku muna shigar da sunaye. Akawun ɗaya tak na buɗe, da kalmar sirri ɗaya, wadda ba komai ba ce illa sunan cocin da shekarar da aka kafa shi. Na ba fasto, na ba sakatare da ma'aji, na ba shugabar Zumuntar Mata da shugaban kwamitin aure, na ba wani yaro a cikin matasa da ke tura saƙon taya murnar ranar haihuwa. Kowa ya sa mini albarka.

Ana nan sai kwamitin aure ya karɓi sakamakon gwajin jinin wani saurayi da budurwarsa, kamar yadda coci-coci da yawa ke nema kafin a sa rana. Su biyun duka AS ne, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila. Aka zauna da su, aka ba su shawara, aka jingine maganar. Wanda ya rubuta bayanin zaman ya zuba shi a gurbin ƙarin bayani ƙarƙashin sunan yarinyar, a ganinsa ya adana. Ranar haihuwarta ta zagayo, yaron saƙo ya buɗe shafinta don ɗaukar lamba, idonsa ya faɗa kan abin da ba dominsa aka rubuta ba. Yayarsa kaɗai ya gaya wa, da sharaɗin kada ta gaya wa kowa. Kafin Lahadi mawaƙa sun ji, kuma a bakin mutum na huɗu AS ta riga ta rikiɗe ta zama wata cuta dabam.

Da dattawa suka kira zama, maganar farko da aka yi wai an yi mana kutse. Na ce babu wani kutse, yaron bai fasa ƙofa ba, wadda na buɗe masa ya bi. Da kuma bai amsa da bakinsa ba, da har gobe ba mu san ta inda maganar ta fita ba, domin mu bakwai ne muke shiga da suna ɗaya. A wurin manhajar, fasto da yaron saƙo mutum ɗaya ne.

Abin da muke kira rajistar 'yan coci kaya ne iri-iri da aka cusa a buhu guda, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Akwai suna da lambar waya da unguwa, waɗanda shugaban kowace zumunta ke bukata don gaisuwa da ziyara. Akwai ranar baftisma da ta aure, waɗanda dama a bainar jama'a aka yi su. Daga nan nauyi ke farawa: wa ya ba da nawa a zakka, wa ya yi alkawarin buhun siminti hamsin a asusun gini bai cika ba, wace gwauruwa ce ake biya wa haya daga asusun taimako. Sai abin da mutum ya faɗa wa fasto da hawaye, rikicin miji da mata, rashin haihuwa, ɗan da ya faɗa shaye-shaye, takardar asibiti. Sai bayanan 'yan makarantar Lahadi da hotunansu da makarantar bokon da suke zuwa. Can a gindin buhun kuma akwai sunan wanda ya sauya addini bai sanar da danginsa ba tukuna.

Yawancin manhajojin nan a Amurka da Ingila aka rubuta su, inda babbar fargaba ita ce a saci lambar katin banki ko a kunyata mutum. Mu namu ya wuce nan. Ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi a ƙaramar hukumar Chikun. Ranar 31 ga Oktoban shekarar suka faɗa cocin Emmanuel Baptist na Kakau Daji ana cikin sujada, suka tafi da mutum fiye da 60. Irin wannan hari ba sai da rajista ake kai shi ba. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da wayar da ake cinikin kuɗin fansa ya san abin da na ɓangaren can ke son sani: me mutumin nan ya mallaka, wa yake da shi a Abuja ko a Turai, wa zai iya sayar da fili. Shi ya sa kalmar infoma ta shiga bakin kowa a jihar nan. To, ɗauki shafi ɗaya na manhajar coci ka duba: suna, kwatancen gida har da launin get, sana'a, zakkar wata goma sha biyu, sunayen 'ya'ya da makarantarsu. Zakka ɗaya cikin goma ce, ɗan firamare ma zai ninka ta ya faɗa maka albashin mutum. Aikin da infoma zai yi wata guda yana yi, mun tattara masa shi wuri ɗaya da kyakkyawar niyya.

Doka ma ta shigo maganar, ko da yake dattawa da yawa ba su ji labarinta ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ware wasu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne, kuma addinin mutum yana cikinsu, tare da lafiyarsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa. Ke nan rajistar coci tun daga sunan farko har na ƙarshe tana cikin wannan rukuni, domin ganin sunanka a ciki kaɗai ya faɗi addininka. Sashe na 30 ya ba ƙungiyoyin addini damar riƙe irin wannan bayani game da mambobinsu, amma da sharaɗi biyu da ba a cika karantawa ba: a tanadi kariyar da ta dace, kuma kada bayanin ya fita wajen ƙungiyar sai mai shi ya yarda ƙarara. Na yara sai da yardar iyaye. In bayani ya zube ta yadda zai iya cutar da mutane, sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da hukumar. Tara tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Ban da wannan, dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da ƙwayar HIV ta haramta bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba, kuma kwamitin aure bai fi ƙarfin wannan doka ba.

Mai ganin shari'a ba za ta kula da ɗan abin da ya faru a cikin ikilisiya ba, ya ji labarin Bodil Lindqvist. Malamar koyar da masu shirin tabbatarwa ce a wata ikilisiya da ake kira Alseda a ƙasar Suwidin. A ƙarshen 1998 ta buɗe shafin intanet don amfanin 'yan cocinsu, ta sa sunayen abokan aikinta 18 da ɗan bayani a kan kowa cikin raha, har ta ambaci cewa wata ta ji ciwo a ƙafa tana aikin rabin rana. Aka ci ta tarar kurona 4,000. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda a watan Nuwamban 2003 ta ce zancen ciwon ƙafar nan bayanin lafiya ne da doka ta kare. Ciwon ƙafa fa. Ina ga takardar gwajin jini?

Yadda ake kulle irin wannan manhaja ba tsafi ba ne. Tana tambayar mai shiga ko shi wane ne, ta duba muƙamin da aka ɗora masa ta buɗe masa ɗakunan muƙamin kaɗai, sannan ta rubuta sawunsa. Tambayar farko ce muka rusa da akawun ɗaya, kuma da ta rushe sauran biyun suka bi ta. Saboda haka gyara yana farawa ne daga kowa ya sami akawun nasa da kalmar sirrinsa, ko da mata da miji ne ke hidima a ofis ɗaya.

Masana kwamfuta suna da ƙa'idar da Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT suka rubuta tun 1975, cewa a ba kowa mafi ƙarancin izinin da zai ishe shi yin aikinsa. Mu ma mun san wannan tun kafin kwamfuta ta zo. Mai buga ƙararrawa ba a ba shi mabuɗin akwatin baiko, kuma bai taɓa cewa an raina shi ba. A manhaja, kan kujera ake ɗora izini, duk wanda ya hau ya same shi, ya sauka ya bar shi. Ma'aji da sakataren kuɗi su ga zakka da baiko da alkawura, ba ruwansu da abin da aka tattauna a zaman sulhun aure. Shugabar Zumuntar Mata ta ga lambobin matan zumuntarta, ba na ikilisiya duka ba. Malamin makarantar Lahadi ya ga 'yan ajinsa da lambar iyayensu, ya kuma san wane yaro ne mai sikila ko asma, don wannan maganar rai ce. Sana'ar uban yaron ba ta cikin darasi. Sannan gani dabam, gyara dabam, gogewa dabam. Mutum goma na iya ganin ranar baftismar wani, amma canza ta aikin sakatare ne shi kaɗai, tunda wata rana takardar za ta zama shaida.

Kayan aikin suna nan. ChurchCRM, wadda kyauta ce, ta raba izinin ƙara suna da na gyarawa da na gogewa da na kuɗi da na karanta bayanan sirri, kowanne da gurbinsa. Planning Center ta ware sashen kuɗi dabam, ta yadda mai ganin sunaye ba lalle ya ga abin da aka bayar ba. Mu ne muke mayar da kowa admin, wato mai iko da komai, don gudun a dame mu da waya tsakar dare ana cewa abu ya ƙi buɗewa. Sai dai ko ka gama tsarawa kada ka saki jiki. Buɗe akawun na gwaji da mafi ƙanƙantar muƙami, ka shiga da shi kamar mai neman ɓarna. Sau da yawa za ka tarar an kulle ƙofa an bar taga: shafin mutum ba ya nuna zakkarsa amma rahoton ƙarshen wata yana nunawa, an ɓoye adireshi amma gurbin bincike yana fito da shi, ko manhajar waya tana nuna wa kowane mamba lambar kowa. Gurbin ƙarin bayani kuwa, wanda ya ci mu, shi ne ramin da ya fi kowanne zurfi, domin kowa yana zuba abin da ya ga dama a ciki, daga "ya koma Kamazou" har zuwa "mijinta yana dukanta".

Tambayar da ta fi raba kan dattawanmu ita ce ko fasto zai riƙa ganin zakkar kowa. Masu cewa ya gani suna da hujja. Makiyayi ne, in mai bayarwa ya daina kwatsam wataƙila aiki ya rasa, yana bukatar ziyara. A wasu ikilisiyoyi kuma ana duba katin zakka kafin a tsayar da mutum takarar dattijo. Masu cewa a'a suka ce fasto ɗan adam ne, in ya san wa ke riƙe da rufin cocin, wa'azinsa zai riƙa kewaye kujerar mutumin kamar ruwa ya ga dutse. Ni ina tare da na biyun. Bukatar na farkon ana iya biyanta ba tare da adadi ba: ma'aji ya fitar da rahoton da ke nuna wane yana bayarwa, wane ya yi wata huɗu shiru, shi ke nan. Fastonmu na lokacin da kansa ya ce a rufe masa, wai yana so ya iya kallon kowa ido da ido ranar Lahadi.

Wuyar aikin dai ba a kwamfuta take ba, a ƙofar coci na gamu da ita bayan an tashi sujada. Wani dattijo da aka haƙa harsashin ginin da hannunsa ya tare ni.

"Ɗana, an ce ka rufe mini littafi."

"Baba, ba ni na rufe ba. Majalisar dattawa ce ta yanke, kuna zaune aka yi."

"Ni da na riƙe kuɗin cocin nan shekara goma sha biyu kwabo bai ɓata ba, yau ni ne ba a yarda da ni ba?"

"Ku yi haƙuri, Baba. Ranar da wata magana ta sake fita, za a buga sunayen waɗanda suka buɗe shafin. So nake a duba a ga babu naku."

Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Da ba a rubuta hukuncin a littafin zaman majalisa ba, da ban iya buɗe baki a gabansa ba. A tarbiyyarmu yaro ba ya ce wa sa'an ubansa a'a, kuma kusan ko'ina yaro ne ke riƙe da kwamfutar. In aka bar masa rabon izini a hannunsa, duk wanda ya girme shi zai karɓa da gaisuwa kawai. Dole majalisa ta zauna ta rubuta wace kujera ke ganin me, a karanta wa ikilisiya, ta yadda yaron zai sami abin da zai fake a bayansa. Rajistar sawun da na yi wa Baba alkawari ita ma sai an bincika kafin a sayi manhaja, don wasu gyara kawai suke rubutawa, ba sa rubuta wanda ya buɗe ya karanta ya rufe, alhali gulma ba ta bukatar gyara komai. Kuma sai an sa wani ya riƙa duba ta, a sanar da kowa cewa ana dubawa. Rabin amfaninta a sanarwar yake.

Akwai kuma ranar miƙa ragama. Ana yi wa fastoci canjin wurin aiki, wa'adin dattawa yana ƙarewa, ɗan bautar ƙasa da ya taimaka a ofis yana gama shekararsa ya tafi, wani ya yi fushi ya koma wani coci, wani lokaci ma ikilisiya ta rabe biyu. A irin wannan rana ana ƙirga kujeru da ganguna da janareta, a miƙa mabuɗin ofis a gaban jama'a, a yi addu'a a watse, ba mai tuna akawun. Wanda ya sauka shekara uku da suka wuce yana nan yana iya shiga daga ɗakinsa. Mafi muni, sau da yawa da imel ɗin wani matashi da layin wayarsa aka yi rajistar manhajar tun farko. Ya sami aiki a Abuja ya tafi da cocin a aljihu. In layin ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai sake sayar wa wani, in kuma wani ya yi masa welkom bak da dabara, lambar sake kalmar sirri wayar baƙo za ta faɗa. Imel da layin da ke riƙe da babban mabuɗi na ikilisiya ya kamata su zama, kuma mutum biyu su riƙe, kada ɗaya ya mutu da shi ko ya yi garkuwa da shi, kada kuma su kai biyar.

Duk wannan gini maɓalli ɗaya ke rushe shi, wanda ke sauke jerin 'yan coci gaba ɗaya zuwa Excel. Da zarar fayil ɗin ya sauka, ya fita daga hannun izini da sawu. Daga nan sai guruf ɗin WhatsApp na dattawa, sai filashi, sai shagon buga takardu inda zai zauna a kwamfutar mai shago har ranar da za a sayar da ita. Magana zarar bunu ce, fayil ya fi ta. Lokacin zaɓe ake gane darajarsa. Wani ɗan'uwa mai neman kansila zai zo da ladabi, ya ce lambobin 'yan'uwa kawai yake so don gaisuwa. Mai sayar da fili zai zo, mai tsarin adashen intanet zai zo, dukansu 'yan gida ne masu katin baftisma. Amsarsu ɗaya ce, kuma doka tana bayanta: mutane don hidimar ikilisiya suka ba da lambobinsu. Ko hedkwata ce ta nemi ƙididdiga, adadi take bukata, maza nawa, mata nawa, an yi wa nawa baftisma, ba sunaye da adireshi ba. Izinin saukewa a bar wa mutum ɗaya ko biyu, kowace saukewa kuma da dalilinta a rubuce. (Abokaina da ke kwamitocin marayu da rabon zakka a masallatan Tudun Wada da Rigasa, da na ba su wannan labari, dariya suka yi suka ce ai ciwon ɗaya ne, jerin masu karɓar taimako yana yawo a waya kamar katin biki.)

Na waje ma ta hannun na gida yake shigowa. Kowa a garin nan ya san kiran nan: murya mai ladabi ta gaishe ka da sunanka da muƙaminka, ta ce akwai taron addu'a ta Zoom da ƙarfe takwas, an turo maka lamba shida, karanto a sa ka. Kana karantowa WhatsApp ɗinka ya tafi, minti goma 'yan zumunta sun fara samun saƙon "Mama" tana neman rancen dubu hamsin zuwa gobe. Sunanka da muƙaminka daga wani jeri ya samo su. Duk mai riƙe da izinin kuɗi ko na bayanan sirri ya kunna tabbaci mai mataki biyu a manhajar da imel ɗinsa da WhatsApp ɗinsa, wayarsa kuma ta kasance da kulle, don jikoki ma suna ɗaukar waya.

Shi kansa mai manhajar yana da mabuɗi. In ɗan cocinku ne ya rubuta ta, yana ganin komai ta baya ko me kuka kulle ta gaba. In babban kamfani ne, girma ba ya hana ɓarawo: a 2020 aka yi wa Blackbaud kutse, kamfanin Amurka da ke riƙe wa dubban ƙungiyoyin agaji da makarantu da cibiyoyin addini bayanan masu ba da gudummawa, har a Oktoban 2023 ya amince ya biya dala miliyan 49.5 ga jihohi 49 da birnin Washington. A tambayi mai sayarwa a wace ƙasa bayanan suke kwana, wa cikin ma'aikatansa ke iya buɗewa, kuma in an raba gari zai mayar ya goge ko a'a, a sa amsar a yarjejeniya. Masu ajiye komai a kwamfutar ofis don gudun intanet su ma ba su tsira ba, tunda ana sace kwamfuta, ana kai ta wurin mai gyara a kasuwa. A kulle faifanta da irin su BitLocker, kwafin ajiya ma haka.

Bayan duk wannan, na zo ga abin da ɗan kwamfuta ba ya son faɗa: akwai abin da bai kamata ya shiga manhaja ba sam, kowane irin kulle gare ta. Cocin Katolika ya daɗe da sanin haka. Dokarsa mai lamba 983 ta hana fada bayyana abin da aka furta masa a wurin iƙirarin zunubi ta kowace hanya, balle ya rubuta. Tsarin da ke Matta sura 18 ma hawa-hawa yake, daga kai da ɗan'uwanka ku biyu, zuwa shaidu ɗaya ko biyu, kafin ikilisiya ta ji. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A Holan, rajistar jama'a tana ɗauke da addinin kowa, an tsara ta tsaf don sauƙin mulki. Da sojojin Hitler suka mamaye ƙasar ita ta nuna musu gidajen Yahudawa, har a watan Maris na 1943 'yan gwagwarmaya suka kai wa ofishin rajistar Amsterdam hari don su ƙona ta. Waɗanda suka rubuta ta ba su san hannun da za ta faɗa ba. Mu da muka ga rikicin 2000 da na 2002 a garin nan, muka ga yadda aka yi ta ƙaura ana tsallaka kogi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sunan wanda ya sauya addini a ɓoye, da matar da ta gudo daga duka aka sama mata mafaka, a bar su a cikin fasto da dattijo ɗaya. Sakamakon gwajin jini a duba a mayar wa masu shi, abin da za a rubuta bai wuce "kwamiti ya gana da su" ba.

Haka muka yi daga baya. Muka kashe tsohon akawun, muka buɗe guda tara kowa da nasa, muka bi gurbin ƙarin bayani suna bayan suna muna gogewa, aikin da ya ci mana Asabar uku. Aka sa wa kabad ɗin ƙarfe sabon kwaɗo, littafi mai baƙin bango ya koma mazauninsa. Fasto da dattawa biyu suka je gidan iyayen yarinyar ba da haƙuri, ni ma na bi su na zauna a bakin ƙofa. Uwar ta kawo mana ruwa, ta ce ba komai, ya wuce. Bayan wata biyu yarinyar ta nemi takardar canjin ikilisiya zuwa wani coci a Sabon Tasha. Ni na buga takardar, Baba Fasto ya sa hannu.